Kwamfutar Yaya da Faifan Maigida

Da hantsi Yaya ta kira Auta a waya. Yana tsaka da canza wa wata laftof allo, sai ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannunsa bai bar aiki ba.

"Auta, kwamfutar nan ta ƙi tashi."

Ya haura shekara arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana da mata da 'ya'ya da shagon gyaran kwamfuta nasa na kansa, amma a bakin babbar yayarsa har gobe Auta ne.

"Me ta ce miki?"

"Me za ta ce, mutum ce? Baƙin allo ne da wani farin rubutu a sama. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, shi ɗin dai."

"To, ki daina kashewa da kunnawa. Ga ni nan."

Shagon Yaya ɗaki ɗaya ne mai tsawo, rabinsa injin surfani ya cinye. Da shi take yi wa makarantu bajo a aljihun riga, take rubuta sunan kamfani a hulunan ma'aikata. Injin bai san komai ba sai abin da kwamfuta ta faɗa masa. Ita kuwa kwamfutar tsohuwa ce tukuf, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, farinta ya rine ya koma ruwan ƙasa, ga wata waya mai kauri da ta haɗa ta da injin. Tare Yaya ta saye su, na hannu. Wanda ya sayar mata shi ya zuba manhajar da ke tuƙa injin, bai bar mata faifai ba, kamfanin da ya yi manhajar kuma ya daɗe da rufewa. Duk zanen da ta taɓa yi wa wata makaranta yana cikin akwatin nan.

Auta ya sunkuya ya karanta rubutun. Cewa yake wani fayil daga cikin waɗanda kwamfutar ke tashi da su ya ɓata ko ya lalace.

"Wa ya taɓa ta jiya?"

Yaya ta juya ta kalli benci. Mijinta na zaune a kai, direban babbar mota ne da ya dawo hutu, ya tsura wa wayarsa ido kamar ana karanta masa sakamakon asibiti.

"Direba," in ji Auta, "yau ko gaisuwa babu?"

"Kai ne ƙarami, kai za ka gaishe ni."

"Ina kwana. Me ka yi mata?"

Direba ya yi gyaran murya. Shi dai, in ji shi, filash ya sa don ya kwafi wasu hotunan mota, sai ya ga kwamfutar na jan ƙafa. Wani abokinsa ya taɓa ba shi manhajar share bairos, to tana cikin filash ɗin, shi ne ya ce bari ya taimaka. Ta gano abubuwa da yawa, ta tambaya ko a goge, ya ce a goge duka.

"Taimako fa na yi," ya ce.

"Ka taimaka ƙwarai," in ji Yaya. "Ga rigunan makaranta can jibge, an kusa komawa hutu."

Auta ya gane abin da ya faru. Bairos ɗin a filash ɗin Direba ya shigo, ya manne a jikin fayil ɗin, mai shara kuma ta kwashe su tare. Ya yi wa Yaya bayani a sauƙaƙe: zanenta na nan, manhajar injin na nan, ba abin da ya taɓa su. Fayil guda ne ya fita, kuma in babu shi kwamfutar ba za ta iya kai kanta inda sauran suke ba.

"To a mayar mana."

"Shi za mu yi."

Ya kwance akwatin, ya ciro rumbun ajiyar, ya tafi da shi shagonsa. Ya jona shi a tasa kwamfutar, ya fara kwafe zanen Yaya gefe guda don hankalinsa ya kwanta. Sannan ya shiga intanet neman fayil ɗin. Ya samu wurare da dama da ke ba da shi, mafi yawansu bai yarda da kamanninsu ba. Ya zaɓi wanda ya fi kama da na kirki, ya sa a mazauninsa, ya koma wurin Yaya ya mayar da rumbun. Kwamfutar ta wuce baƙin allon, tambarinta ya fito, Yaya har ta fara hamdala, sai allon ya yi shuɗi ta mutu ta sake tashi. Ya gwada wani, haka. Suna ɗaya ne, amma ba zubi ɗaya ba ne da wanda aka sa mata tun farko.

Da yamma ya koma shago yana shafa ƙeya. Maƙwabcinsa a layin masu gyara, wanda kowa ke kira Fomatin saboda maganinsa kenan ga kowace cuta, ya leƙo.

"Ka yi mata fomatin mana ka huta."

"In na wanke ta, manhajar injin ta tafi. Ina zan samo wata?"

"To sai ka nemi faifan asali na irin tata."

"Kana da shi?"

Fomatin ya yi dariya. "Ni da na zubar da nawa tun kafin in yi aure? Duk garin nan mutum ɗaya ne ke ajiye irin wannan tarkacen, kai ma ka san shi."

Auta ya san shi. Maigidansa ne, wanda ya koya masa aiki. A hannunsa ya fara riƙe sukundireba, ya yi shekaru yana share masa shago yana kwance akwatuna. Da laftof da manyan wayoyi suka cika gari, Auta ya ce ya kamata su koma kansu. Maigida ya ce masa, a gaban masu kawo gyara, in shagon ya yi masa ƙanƙanta ga ƙofa nan a buɗe. Auta ya ɗauki jakarsa ya fita. Ba su yi faɗa ba bayan nan, ba wanda ya zagi wani. Zuwa gaisuwa ne ya ragu, ya koma saƙo ta bakin mutane, daga baya shi ma ya tsaya. Rabon da su haɗu, babbar 'yar Auta ba ta shiga makaranta ba, ga shi yanzu tana shirin gama firamare.

Washegari da safe ya hau babur ya nufi can. An faɗaɗa titin, an yanke rumfar gaban shagon, ƙofar ta dawo dab da kwalta. Ciki kuwa yana nan yadda ya bar shi: akwatunan kwamfuta jere har rufi, wayoyi rataye a ƙusa, warin dalma da ƙura. Maigida na zaune bayan tebur da tabarau mai kauri, ya rame, yana laluben wani abu a cikin gwangwani.

Auta ya yi sallama. Tsohon ya ɗago, ya karkata kai, ya daɗe yana kallon wajen ƙofa.

"Muryar wa nake ji kamar ta Sarkin Sauri?"

Sunan da yake kiransa kenan tun yana ɗan koyo, saboda yawan ɗaure akwati kafin ya gwada.

"Ni ne, Maigida. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗauke wancan akwatin daga hanya ka sa shi sama, tun jiya nake tuntuɓe da shi."

Auta ya ɗauke. Ya zauna a kan kujerar da ya saba zama, ƙafarta ɗaya har yanzu da ɗaurin waya. Ya tambayi iyali, aka ce suna lafiya. Maigida bai tambaye shi ina ya shiga ba, shi ma bai kawo zancen ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Me rubutun ya ce daidai?"

Ya faɗa masa sunan fayil ɗin.

"Ka sa na intanet?"

"Na sa."

"Ta yi shuɗi."

"Ta yi."

"Za ta yi mana. Tambarin da ke fitowa in tana tashi, akwai ƙaramin rubutu a ƙasansa ko babu?"

Auta ya tuna, ya faɗa. Maigida ya gyaɗa kai, ya nuna saman kanta da haɓa. Auta ya sauko da wani kwalin takalmi cike da faya-fayai, kowanne cikin rigarsa ta takarda da rubutun alƙalami. Tsohon ya riƙa ɗaukowa yana kai su dab da hancinsa, yana mayarwa. Can ya miƙa wa Auta kwalin.

"Karanta mini. Hasken shagon nan ya lalace."

Hasken ba abin da ya same shi. Auta ya karanta ɗaya bayan ɗaya har Maigida ya ce, "Tsaya, shi ne." Ya miƙa hannu ya karɓe, ya zura a aljihun gaba.

"Zan dawo da shi yau ɗin nan," in ji Auta.

"Faifaina ba ya fita shi kaɗai. Ka taɓa ganin na ba da aro?"

"Ban taɓa ba."

"To rufe taga. Ɗauko mini jakar can, ka sa na'urar karanta faifai guda a ciki, waccan ta kan kanta ta biyu. Kwamfutar da ta kai wannan shekarun, tata ta mutu, mai ita ba ta sani ba."

Haka Auta ya goyo shi a babur, tsohon ya riƙe kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗayan dafe da aljihu, yana yi masa faɗan gudu tun daga kwanar farko.

Yaya ta gane shi tun daga ƙofa. Ta miƙe da sauri ta kakkaɓe kujera. "Baba, kai ne da kanka? Sannu da zuwa. Wannan yaron ya wahalar da kai."

"Ya saba," in ji Maigida. Ya juya wajen benci. "Wannan ne mai sharar?"

Direba ya ce, "Har labarin ya kai can?"

"A hanya aka ba ni. Kai da ganin mota na hayaƙi sai ka cire injin ka yar?"

"Baba, a yi haƙuri, an yi mini wankin jiya, an yi na safe."

"Saura na rana," in ji Yaya.

Auta ya danna maɓallin na'urar faifan da ke jikin kwamfutar, ba ta buɗe ba. Maigida ya ce Yaya ta ba da allura. Auta ya zura ta a ɗan ramin da ke gaba, tiren ya fito da ƙyar, cike da zare da ƙurar yadi. Suka sa faifan, ta yi ƙugi ta yi shiru. Maigida ya tura jakar da ƙafa.

Ya so ya canza na'urar da kansa. Ya karɓi sukundireba ya durƙusa, amma bakin ya ƙi zama a kan noti. Ya gwada, ya sake gwadawa. Yaya ta kau da kai ta shiga ninke riguna. Auta ya durƙusa kusa da shi ya riƙe akwatin kamar shi ne ke motsi. Can tsohon ya miƙa masa sukundireban.

"Gwiwata ba ta son durƙuso. Ɗaure, kuma kada ka rufe sai mun gwada."

Sabuwar na'urar ta karɓi faifan. Kwamfutar ta tashi daga kansa, ta kai su wurin gyara, baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa yana jiran umarni. Auta ya zauna gaban madannai, Maigida na tsaye a bayansa.

"Me ta rubuta?"

Auta ya karanta.

"To. Kada ka kwafe shi kai tsaye. Na cikin faifai a dunƙule yake, sai an warware shi tukuna. Rubuta."

Ya shiga faɗo umarnin harafi bayan harafi, daga ka, har da inda za a bar fili. Auta ya san ya taɓa iya wannan, amma shekaru sun binne shi. Ya rubuta, ya karanta masa don tabbatarwa, ya danna. Layi ɗaya ya fito: an warware fayil guda.

"Cire faifan. Ba ni abina. Kunna."

Tambarin ya fito. Allon ya yi duhu na ɗan lokaci, sai ga hoton da Yaya ta sa a fuskar kwamfutar, jikanta na fari da hular sanyi. Ta buɗe manhajar injin, ta zaɓi bajon wata makaranta, ta ɗaura ƙyalle a firam. Injin ya yi ƙara, allura ta fara sauka.

"Alhamdu lillahi," in ji Direba, da ƙarfi fiye da kowa.

Maigida ya fara neman jakarsa. Auta kuwa bai tashi ba. Tun jiya da rumbun ke kan teburinsa yake jin wani ɗan sauti a cikinsa, ƙas, ƙas, jefi-jefi, kuma kwafar zanen ta yi ta tsayawa a hanya.

"Maigida, rumbun nan ya kusa mutuwa. Ina so in kwafe abin da ke cikinsa gaba ɗaya in zuba a sabo, da manhajar da komai. Na zo da kayan."

"Ta tashi. Ka bar ta ta yi aikinta."

"Yau ta tashi. In ya mutu, ba fayil ɗaya za mu nema ba."

"Kai kullum sai ka canza abu."

Auta ya ji zafin maganar, ya haɗiye. Ya ce wa Yaya ta tsayar da injin. Shagon ya yi tsit. "Saurara da kanka," ya ce.

Tsohon ya dafa tebur ya sunkuya, ya kara kunne a jikin akwatin. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya ce, "Kashe ta. Cire shi a hankali, kada ka buga."

Aikin ya ɗauki lokaci. Auta ya haɗa tsohon rumbun da sabon a laftof ɗinsa, Maigida ya ja kujera kusa yana tambaya: wannan 'yar wayar me take yi, in ta iso wurin da ya lalace tsallakewa take ko tsayawa, sabon rumbun da ba ya juyawa kamar tsohon ta yaya tsohuwar kwamfuta za ta gane shi. Auta ya nuna masa ɗan abin da ake sawa a tsakani. Tsohon ya jujjuya shi a hannu, ya shafa haƙoransa da yatsa, ya ce, "Ba laifi."

Yaya ta aiki Direba ya kawo shayi, ta ce hukuncinsa kenan. Suna sha, layin da ke allon yana tafiya a hankali, Maigida ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Yanar ido ce," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Duka biyun. Likita ya ce aiki za a yi. 'Yata ta matsa, ta riga ta karɓi rana."

"Ai aikin ba wuya yanzu, Baba," in ji Yaya. "Surukata an yi mata, har zare take zurawa."

"Haka kowa ke cewa, da idon wani." Ya mayar da tabarau. "Ba shi ne damuwata ba. Akwai mutanen da ke hannuna. Mai gidan buga takardu, da ɗakin gwajin jini na bayan kasuwa, da wani mai yankan katako. Duk irin wannan tsofaffin ne ke tuƙa musu inji. In ta tsaya ni suke kira. In na kwanta, yaran yanzu wankewa za su yi."

Auta ya kalli allon laftof. "Sai ka nuna mini su."

"Kana da lokaci? Na ji an ce ka zama babban mutum."

"Zan samu."

"To. Ka zo da wannan abin naka. Ta gidan bugun ma tana irin wannan kukan, na ɗauka fanka ce."

Da aka gama, Auta ya sa sabon rumbun, kwamfutar ta tashi da sauri fiye da da. Ya gwada injin, ya sake gwadawa, sannan ya ɗaure akwatin. Tsohon rumbun ya naɗe shi a leda ya ba Yaya ta ajiye. Ramukan filash na gaba kuwa Yaya da kanta ta liƙe su da salatif, Direba na kallo.

A makon da ya biyo baya suka zaga wuraren. Ko'ina Maigida ya shiga sai ya ce, "Ga yarona, shi za ku riƙa kira," mai wurin ya dubi furfurar Auta ya ce to. A gidan bugun sun tarar rumbun ya fi na Yaya lalacewa, sai da suka yini a kansa, kuma wasu tsofaffin ayyukan ba su fito ba. Mai wurin ya yi ta ƙorafi, Maigida ya ce masa ya gode da abin da ya samu.

An yi aikin idon. Na dama ya washe sosai, na hagu bai yi wani kyau ba, likita ya ce akwai wata matsalar a can ciki. 'Yarsa ta hana shi komawa shago kullum, mai ginin kuma dama yana son wurinsa. Auta ya ɗauki hayar mota, shi da Direba suka kwashe abin da ke da amfani, ya yi musu kanta a bayan shagonsa. Sauran aka sayar wa masu gwangwan, Maigida na tsaye yana cire wasu daga cikin buhu yana mayarwa mota.

Yanzu yakan zo wasu ranakun da safe, ya zauna daga ciki kusa da fanka. Fomatin ya daina faɗin maganinsa da ƙarfi in tsohon na nan. Kwanan baya wata mata ta kawo laftof da ruwa ya zube mata, Auta ya fita sayen kaya. Da ya dawo ya tarar Maigida ya kwance bayanta, ya rufe idon hagu, yana bin layukan ciki da na dama.

"Zo nan," ya ce. "Ina batirin abin nan yake? Na duba ko'ina ban ga inda ake zare shi ba."

Auta ya ajiye ledar hannunsa, ya jawo kujera, ya nuna masa.